Rasuwar Gwaggo, Mai Riƙon Amana ta Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai gwajin manhaja na hawa na uku, wanda abokan aiki suka fi sani da Sai-an-sake, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta gwaji, wadda kowa ke kira Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da hantsi, a mazauninta na ƙarƙashin tebur, tsakanin kwandon shara da silifas ɗinsa na alwala. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya, tara daga ciki a hannunsa.

Ana roƙon Manaja musamman ya daure ya karanta wannan sanarwa har ƙarshe, kafin ya sa hannu a takardar sallamar Uwar Biyu, mai kula da kwafin ajiya, wadda aka ɗora wa alhakin abin da ya salwanta tare da marigayiya.

Ga wanda bai san ta ba, aikinta ke nan. Wannan ofis yana haɗa manhajar da ke raba izini a ma'aikatu: wane ya buɗe fayil kaza, wance ta gyara, wane kuwa ko leƙe kada ya yi. Dokokin nan a rumbun bayanai ake adana su, kuma kafin a miƙa wa mai saye dole a tabbatar rumbun ba ya mantuwa. A cikin Gwaggo ake wannan gwaji. Sai-an-sake ya rubuta doka, ya kashe ta, ya kunna ta, ya duba ko dokar tana nan yadda ya bar ta. In tana nan ya rubuta “ta ci” a littafinsa. In ba ta nan ya miƙe ya je wurin masu haɗa manhajar ya faɗa musu kalmar da ta zame masa suna. Cikin shekara tara ya tara mata ma'aikatan bogi dubu uku da ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da matsayinsa da iyakar izininsa, har da wani akawun ƙarya da aka kora sau sittin don a ga ko ƙofa za ta rufe a bayansa. Kullum kuwa ta rufe.

Marigayiya ba ta da kyan gani, wannan ba sai an ɓoye ba. Murfinta na gefe da igiyar takalmi aka ɗaure shi. Amma a riƙon amana ba a taɓa samunta da wasa ba. Ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba. An taɓa yin ranar da Manaja da kansa ya nemi shiga wani fayil ta hana shi, ya yi ta faɗa yana tambaya ko ta san ko shi wane ne, ita kuwa ta ci gaba da juya fankarta. Da safe in an kunna ta takan ce “tiit” sau ɗaya, ba ƙari. In aiki ya yi mata yawa ta ce “ƙirrr”, kamar tsohuwa mai miƙewa daga tabarma. Sau huɗu aka kawo shawarar a yar da ita a koma sabon tsari, sau huɗu Sai-an-sake ya tsaya kai da fata ya ce sai dai a haɗa da shi.

Jinyarta gajeruwa ce. Ranar Alhamis ta fara wata ƙara da ba a saba ji ba, “ƙas, ƙas, ƙas”. Mai gyara ya zo ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ce faifan cikinta ne, a fara kiran dangi. Ranar Juma'a ta ɗan farfaɗo har ta karɓi dokoki biyu, ashe sauƙin bankwana ne. Ranar Litinin aka danna ta, ta ce “ƙas” sau ɗaya, fitilarta ta yi ja, shi ke nan.

Ta rasu ta bar allo guda mai layi a tsakiya, da kibod da harafi biyu suka goge, da batirin da ke riƙe mata wuta, wanda tun ranar yake kuka ba a san yadda za a rarrashe shi ba. Ta bar masu haɗa manhaja su shida, waɗanda suka zo gaisuwa da fuskokin da ba su yi kama da na masu makoki ba, Allah Ya shirye su. Ma'aikatan bogin kuwa ba ta bar ko ɗaya ba, duk da su ta tafi, kuma mai saye yana jiran kayansa ƙarshen wata.

Da farko hankalin kowa a kwance yake, tunda akwai kwafi. Uwar Biyu ta daɗe da kafa wata 'yar manhaja mai zuwa wurin Gwaggo kullum da azahar ta kwashi duk abin da ke ciki ta ajiye a wani wuri. Da aka buɗe ma'ajiyar sai ga jakunkuna sama da ɗari biyu a jere, kowacce da kwanan watanta tsaf, kowacce fayau. Wata bakwai ana kwafar iska. Manaja bai yi wata-wata ba, ya ce mai kwafi ita ce mai kwafi, ta kawo bayani a rubuce zuwa Alhamis, in babu ta tattara. Baiwar Allah ta zauna tana buɗe jakunkunan ɗaya bayan ɗaya ko za a dace, hawaye na ɗiga a kan teburin. Sai-an-sake yana kallonta, ya ji tausayinta ƙwarai, har ya ce mata ta yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Da yamma ya ɗauko littafinsa don ya tsamo wasu kyawawan halayen marigayiya ya sa a wannan sanarwa. Al'adarsa ce duk dokar da ya gwada ya yi mata gida biyu a gefen shafi, ɗaya “an saka”, ɗaya “an cire”. A shafi na ɗari da arba'in da uku ya ci karo da gwajin wata bakwai da suka wuce, lokacin Uwar Biyu tana hutun haihuwa. Doka ce mafi tsanani, wadda ke hana kowa ganin komai. Ya saka, ya kashe Gwaggo, ya kunna, doka tana nan daram. Ya rubuta “ta ci”. Ya fara cire ta, ya buɗe wa mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya, saura 'yar manhajar kwafi kaɗai, sai aka kira taron gaggawa kan muhimmancin mai da hankali a wurin aiki. Taron ya ci awa biyu. Gida na biyu har yau babu komai a cikinsa.

To, ashe kullum da azahar 'yar manhajar nan tana zuwa, Gwaggo tana nuna mata abin da aka halatta mata gani, wato babu, ita kuma ta kwashi babun ta ajiye ta ce an gama. Marigayiya ba ta yi laifi ba. An ba ta doka ta riƙe, kuma ta riƙe ta wata bakwai ba ta saki ba, abin da ake nema a wurinta ke nan tun farko.

Ya koma gida, kunya da tsoro sun hana shi cin abinci. Ya gaya wa mai ɗakinsa komai, ya kuma ƙara da cewa littafin nasa ne, ba wanda ke buɗe shi, kuma shafi ɗaya ba wuyar yagewa gare shi ba. Ta dube shi ta tura masa kwanon gabansa.

“Baban yara, ci abincinka. Amma matar nan goyo biyu gare ta, kuma ni ba maƙaryaci na aura ba.”

Sau uku ya je ƙofar Manaja washegari, sau uku ya dawo. Mutumin da ya shekara tara yana nuna wa mutane kuskurensu, yau bakinsa ya yi nauyi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi ya sa ya zaɓi ya faɗa a nan, a allon sanarwa, inda ba sai ya haɗa ido da kowa ba. Hoton shafin yana manne a ƙasan wannan takarda, da rubutun hannunsa. Yana neman gafarar Uwar Biyu, musamman kan maganar tsautsayin nan.

Za a yi jana'iza gobe Laraba da ƙarfe goma na safe. Mai gyara zai fara cire fanka da abin da ya rage mai amfani, a raba wa magada. Daga nan za a sauko da ita ta matakala, mutum biyu sun isa, a kai ta makwancinta a sito na ƙasa, kusa da tsofaffin firintoci. Ba a buƙatar jawabi. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da kyau.

Sai-an-sake zai zauna karɓar gaisuwa a teburinsa na bakin taga daga safiyar Alhamis, in katinsa ya buɗe ƙofar ofis. In bai buɗe ba, ana iya samunsa a gida.