Ƙafar Nomau a Kan Birki

Yaya Nomau, tun da ka tafi na kasa kiran sunanka a gaban Inna. Bari in ba da labarinka kamar na wani mutum dabam, ko bakina zai iya ɗauka.

A Bakori, bayan tashar mota, akwai wani gida mai mutum uku: Inna mai ƙosai, da babban ɗanta Nomau, da ƙaninsa da ya bar makaranta ya kama koyon kanikanci. Nomau ƙato ne mai sanyin murya, ya haura talatin, kuma abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. Burinsa ɗaya a duniya, a bar shi a garejin Oga Haladu, don a can ne kaɗai ake kiran sunansa a sa shi aiki kamar kowane namiji.

Wata rana aka kawo mota sabis. Oga ya ce masa ya kwance notin baƙin mai, ya zauna ya sa ido har ya gama tsiyayewa. Nomau ya kwance, ya tsuguna, ya zuba ido. Mai ya malala ya bi ƙarƙashin benci ya jiƙa tabarmar sallah. Da Oga ya tambayi ina kwanon tarawa, sai ya nuna shi can a rataye, ya ce ai ba a ambaci kwano ba, amma bai ko ƙyafta ba.

Wata rana wani malamin makaranta ya dawo da motarsa, wai tun da aka yi mata sabis birki ke ƙara kamar ana yanka akuya. Oga na cikin wani aiki, sai ya miƙa wa Nomau gwangwanin giris, ya ce ya shafa duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Nomau ya duba da kyau, ya ga babu inda ke guga kamar takalmin birki, ya lafta masa. Ƙara kam ta ɗauke. Da Oga ya fita gwaji, sai teburin mai shayi ne ya tsayar da shi.

Wata rana kuma aka kawo wata mota, aka rasa gane tayar da ke kuka. Oga ya ce ya bi motar a ƙafa yana saurare, kada ya dawo sai ya gane. Mai motar ya manta da shi ya miƙi hanyar Funtuwa. Da yamma wani mai kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ya tsinto shi a bakin titi, ƙafafu a kumbure, yana ta roƙon a ƙyale shi don bai gane ba tukuna. Ranar ce Oga ya rantse cewa in ya sake, ya bar garejin ke nan. Nomau ya kwana bai ci tuwo ba.

Wata rana, ranar kasuwar Ɗanja, Ɗanliti direba ya kawo bas ɗinsa. An canja masa takalmin birki, amma in ya taka sai ya ji laushi kamar ya taka burodi. Oga ya ce iska ce ta shiga, a cire ta. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na takawa a ciki, ɗaya na kwance noti a ƙasa. Aka zaunar da Nomau a kujerar direba.

"Taka ka riƙe. Kada ka saki sai na ce."

Oga ya ɗaure notin ƙarshe ke nan aka kira shi, wata mota ta mutu a hanyar Ƙafur. Ya ja ƙanin Nomau suka hau babur. Kalmar nan ta "saki" bai faɗe ta ba.

Ɗanliti ya zo da fasinja, mata da buhunan tumatir, ya ce Nomau ya sauka. Nomau ya ce Oga bai ce ba. Aka lallashe shi, aka zage shi, kwandasta ya ja shi ta wuyan riga, ya rungume sitiyari. Fasinja suka gaji suka hau wata motar. Har la'asar yana nan, cinyarsa na rawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Da Oga ya dawo, Nomau ya ɗago da murna.

"Oga, birkin yana ta gudu ƙasa, ni kuma ina binsa. Ban saki ba."

Ba wanda ya saurara. Oga ya ce ya saki, ya tuɓe rigar aiki, ya tafi gida. Nomau ya ninke ta da kyau ya ajiye a kan benci. Ƙaninsa na tsaye, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Zazzaɓin da ke yawo a unguwa ya sami Nomau a kwance, bai yi gardama ba, ya bi shi har kabari. Aka rufe gareji aka yi zaman makoki, motar Ɗanliti na nan inda aka bar ta.

Yaya, ni aka aika in matsar da ita. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Na leƙa bayan tayar hagu, na ga tiyon man birki ya tsage, ƙasa ta shanye man ta yi baƙi. Tsohuwar tsaga ce siririya, gajeren taki ba ya nuna ta, sai an danne an daɗe. Da motar ta tashi ranar, da a gangaren gada za ta buɗe, da mata goma sha wani abu a ciki.

A teburin mai shayi har yanzu ana ba da labarinka, a yi dariya, sannan a ce Allah ya ji ƙanka. Na zauna a ƙarƙashin motar har aka kira magariba. Ko Oga, ko Inna, ban faɗa wa kowa ba tukuna.