Yankan Kwano a Gidan Hassana

"…da gajiya, Mama Fulani? Yaya shanuna da kake mini kiwo?"

Idon Hassana na kan abin da Tavershima kafinta ya rungumo, injin yankan ƙarfe, faifansa tsirara ko murfi babu. Shekara ashirin suna maƙwabtaka a hanyar Shabu, shi ɗan Tibi, ita Bafillatana, wasan Tibi da Fulani da suka gada bai taɓa yankewa ba, ko ran da gari ya ɗau zafi tsakanin manoma da makiyaya. Yau ya zo ne ya rage mata tsawon kwano uku na rufin ɗakin awaki.

"Shanunka? Waɗanda kakanka ya cinye har ƙaho? Kai, mene ne wannan?"

"Inji ne, Mama. Ba a san shi a ruga ba."

Ya jona wayar injin a bango, ya taka kwanon da silifas, ya danne gefensa da hannu tsura. Da abin ya yi ƙara, tartsatsi ya yi tsalle har gindin harawarta. Bakin kwano Hassana ta san shi, ya fi aska. Amma abin da ya fi tsinka mata zuciya daban ne: in jinin mutumin nan ya zuba a tsakar gidan Fulani, kafin labari ya kai kasuwar Lafiya ya zama sara. Wa zai tsaya jin kwano ne?

"Kashe! Kashe, maciyin doya!"

"Matsoraci! Kina bin bijimi a daji, kina tsoron waya?"

"Bijimi ya fi ka hankali, ba ya sa hannu a bakin wuƙa. Ina safar hannunka?"

"Hannuna fatan kada ne."

"Kadan da allurar asibiti ta sumar? Matarka ta gaya mini."

"Aminat ƙarya yake yi!"

Ya sunkuya zai sake kunnawa. Hassana ta tattare zane, ta je ta yi zaman daɓas a kan kwanon.

"Bisimilla. Ka fara da ni."

"Mama, tashi mana!"

"In za ka yanke yatsa, ɗau kayanka ka je ƙofar gidanku. Nan kam a'a. Ka zub da jini nan, gobe a ce Hassana ta sa an sare ka. Jikokina a ɗakin can suke kwana, Tavershima."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi ɗakin, ya dube ta, ya fizge wayar daga bango. Can ya laluba ƙasan buhunsa, ya zaro almakashin kwano da safar fata, sabuwa fil a leda.

"La ila! Kana da ita ashe?"

"Na aikin manyan mutane ne. Kar ya yi datti."

"Ni ce ƙaramar? Sa! Ka danne kwanon da katako, ba da ƙafar nan taka mai kaushi ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da baƙin tabarau, wanda aka ba ta bayan aikin ido, ta maƙala masa a hanci.

"Na bar maka. Ko banza ya rufe rabin munin."

Tavershima ya kama almakashi, yana dariya har kafaɗa na rawa.

"Na bi, Mama. Amma sauka daga kwanon, kin lotsa guda ɗaya."