Sallau da Ƙarfen Gidan Waya

"...da gajiya? Ya mutanen Magarya?"

"Lafiya lau, amaryata. Sun ce in tambaya ko haƙorin nan guda yana nan."

Inna Gumsu ba ta yi dariya ba. Tun da jikanta Sallau ya shigo gidan nan na Dungas yana washe baki take masa kallon ɓarawon kaji. Ita ta raine shi, ta san wannan fara'ar ba ta banza ba ce. Ai kuwa bai gama zama ba ya fasa ƙwan: wai Nasaran gidan waya zai ɗauke shi ya koyi buga ƙarfen nan mai kai magana Damagaram, amma sai wadda ta riƙe shi ta ce ta yarda. In ba ta yarda kafin kasuwa mai zuwa ba, wani za a ba.

"Kai?" in ji ta. "Kai da mushe, malaminku, ya koro daga makarantar lakwal saboda lissafi ya ƙi shiga wannan kan naka mai kamar kabewa? Faɗi gaskiya, mijin banza. Kano za ka gudu, ko wata ka gano a Magarya?"

"Wa zai kalli wata yana da ke? Ai ko kura ta gan ki sai ta yi sallama."

"Ungo naka! Kayan Nasara duk lissafi ne. Wanda aka ba awaki ya dawo bai san an rasa ɗaya ba, shi zai sarrafa ƙarfe?"

"Inna, ƙarfen nan ba ruwansa da tarawa da ɗebewa. Daƙiƙi ne, ya fi ni. Abin da ka gaya masa kawai yake yi, ba ƙari ba ragi. Abin nema shi ne mutum ya iya jera magana, wannan kafin wannan."

Gumsu ta ƙanƙance ido. Maganar ta yi daɗi da yawa, ita kuwa ba ta yarda da magana mai daɗi ba. Ta jawo ƙwarya, dawo, nono, ruwa da ludayi ta jera a gabanta.

"To, yau ni ce ƙarfen. Sa ni in dama fura. Abin da ka ce kawai zan yi."

"Wannan ai wasa ne. Zuba nono."

Ta ɗaga ƙwaryar nonon ta tsiyaya masa a ƙafa.

"Wayyo! Inna, kin haukace?"

"Ka ce a ina? Ni ƙarfe ce, ban da hankali."

"To, sa dawo cikin ƙwarya. Dama."

Ta nutsa hannu ta fara juya dawon busasshe, fuskarta a murtuke, tana kallonsa.

"Da ludayi, tsohuwar banza!"

Ta ɗauki ludayin ta riƙe da kai, tana dama da ƙotar. Sallau ya dafe kai. Ita kuwa ranta fes, don ta ga alamar zai faɗi, kuma faɗuwar take so.

Amma ɗan nema ya share ƙafarsa, ya gyara zama. Ya fara ba ta umarni a hankali: ta riƙe ƙota a hannun dama. Ta farfasa dawon da bayan ludayi. Ta zuba nono cikin ƙwaryar, kaɗan, ta tsaya. Ta murza. In akwai gudaji ta sake murzawa, in babu ta ƙara ruwa. Ta nemi inda za ta karkace, wallahi ta rasa. Fura ta fito sumul, sai ta ji haushi ya kama ta.

"Wannan ai ba lissafi ba ne," ta ce.

"Abin da nake gaya miki ke nan tun ɗazu."

"To, ban yarda ba duk da haka. Ƙarfen nan mugu ne."

"Me ya yi miki?"

Ta ajiye ludayin. "Shi ya kawo mutuwar ubanka daga wurin yaƙin Nasara. Magana guntuwa, ko gaisuwa babu."

Sallau ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wanda ya buga ta bai san ki ba ne, Inna. Wata tsohuwar ma za a kawo wa irinta. Gara a ce mai kawowa ya san yadda ake shiga gida a faɗa."

Gumsu ta daɗe tana kallonsa. Ta so ta sami ƙarya a fuskarsa, ba ta samu ba. Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da farar riga a naɗe, tana ƙanshin ajiya. Ta wurga masa.

"Ba za ka je gaban Nasara da wannan tsumman ka kunyata ni ba, a ce mijina almajiri ne."

Ya zura rigar. Hannuwan suka wuce yatsunsa suna reto, ya ɗaga su kamar kazar da ruwa ya doka. Gumsu ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye, ta goge da bakin zane.

"Cire, cire in rage maka. Ubanka ya fi ka tsawo."