Kibiyar da Ta Dawo Kaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara mutanen gidanmu don in tona asirin mai kashe mana kasuwa ba. Na kuwa tona shi tas.

Ummanmu waina take yi a nan Tudun Wada, kuma ba yabon kai ba, ko mai azumin nafila ya bi ta ƙofar gidanmu sai ya sake shawara. Babban mai sayenmu shi ne Malam Iro mai shayi, wanda ke kwashe kusan rabin abin da aka toya kowace safiya. Kwatsam wainar ta koyi makara. Yau ta fito da wuri, gobe sai masu shan shayi sun watse. Daga ƙarshe Malam Iro ya aiko cewa in aka ƙara, zai koma wajen wata mata a Kwangila. Umma ta ɗaure fuska, irin ɗaurewar da ke hana kowa neman ƙarin miya.

A makon ne malaminmu na kasuwanci ya koya mana cewa sana'a kamar jikin mutum take, sai ƙaya ta soki ƙafa ido ya yi hawaye. Ya ce kada a tsaya inda matsala ta ɓullo, a yi ta tambayar "me ya jawo?" ana ja da baya har a iso tushe. Na dawo gida ina jin kaina a sama. Ni ai na riga na san tushen: Yaya Bilki, yayata, wadda ke zama gaban tanda tana juya waina kamar mai lallashin jariri (ga shi ta ci min nama a miya makon da ya wuce, amma wannan bai shafi bincike ba).

Ranar Asabar da la'asar na kira taro a tsakar gida. Baba ya kashe rediyonsa, abin da ko don girgizar ƙasa ba ya yi. Na ɗauki gawayi, na rubuta "fushin Malam Iro" a bango, na ja kibiya zuwa "makarar waina", sannan na tambayi me ya jawo, ina hararar Yaya Bilki.

Umma ta ce ba laifin mai tuya ba ne, ai ba a ɗora tanda sai ƙullu ya tashi. Raina bai so ba, amma ilimi ilimi ne, na ja wata kibiyar. Me ya hana ƙullu tashi? Bai kwana ba. Me ya hana shi kwana? Ba a markaɗa shinkafar da yamma ba, sai da safe. Me ya jawo? Nan na karɓe bakin kowa, na bayyana cewa mai injin unguwarmu in ya fara markaɗen tattasai da attaruhu ba ya karɓar shinkafa sai washegari, bayan ya wanke inji. Na rubuta "mai inji", na zagaye shi da gawayi, na karkaɗe hannu. Na rasa Yaya Bilki, amma na samu wani.

Sai Yaya Bilki ta miƙe, ta tsinci gawayin, ta damƙa min.

"Farfesa, ba ki gama ba. Me ya jawo ake tarar da shi ya fara attaruhu? Wa ke kai markaɗen?"

Ni ke kai markaɗen. Kuma hanyar inji ta ƙofar gidan su ƙawata Rabi ta bi, Rabi kuwa tana da waya cike da finafinai. Nakan leƙa in ce kallo ɗaya, bokitin shinkafa yana zaure yana jirana kamar baƙo. Wallahi ban taɓa haɗa wannan da fushin Malam Iro ba, ni a wurina mai inji ne kawai ke da baƙin hali.

Baba ya gyara zama ya ce, "Rubuta mana, Farfesa, mu ma mu ƙaru."

Da hannuna na ja kibiyar ƙarshe, na rubuta NI. Umma ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ƙasa za ta tsage, da na shige har da gawayin.

Amma ku ba ni haƙƙina: dabarar ta yi aiki, tunda ko ni ba ta ƙyale ba. Kuma ban tsaya kuka ba (kaɗan dai). Na ce alkawarin daina kallo ba zai kai Talata ba, gara a canza tsari. Umma ta riƙa jiƙa shinkafa tun hantsi, ni kuma in fara kai bokiti inji, in bar shi a layi, sannan in wuce gidan su Rabi, in ɗauko a hanyar dawowa. Tun daga nan ƙullu yake kwana, waina take riga shayi fitowa. Malam Iro bai ga Kwangila ba, har ƙari ya nema.

Yanzu duk gidan Farfesa Markaɗe ake kirana, ina kuma amsawa da ƙarfi. Baba ya hana a goge bangon, duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani. Abin da na koya shi ne, kafin ka ja kibiya a gaban jama'a, fara bin ta kai kaɗai ka ga ƙofar ɗakin wa ta nufa.