Farantin Dakta Tsaf

Wani ɗalibi ne a ajin farko na sashen gwaje-gwaje, sunansa Sagiru, amma malamai kaɗai ke kiransa haka. Ga sauran jama'a, Dakta Tsaf ne. Bai fi wata biyu da fara karatun bayoloji ba, amma ya riga ya gama raina 'yan Adam. Tun ranar da aka nuna musu ƙwayoyin cuta a madubin likita ya daina musabaha. Ka miƙa masa hannu, sai ya dafe ƙirji ya ce, "Daga nan ma ta isa." Ƙofa da gwiwar hannu yake tura ta. Ƙosai da cokali mai yatsu yake ci. Farar rigar gwaji kuwa, har wurin mai shayi.

Wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne abokin ɗakinsa a hostal, Ɗanliti, mai wani tsohon babur da kullum yake kwance ana yi masa tiyata.

"Ɗanliti, wannan hannun naka da za a kai shi asibiti, ɗaki guda za a ware masa."

"To, Dakta. Allah ya ba mu lafiya."

Ranar wata Litinin, Malama Barira ta shigo musu da ƙananan farantai masu murfi. A cikin kowanne akwai wani abu kamar kokon da ya kwana ya daskare. Ta ce abincin ƙwayoyin cuta ne. Kowa ya dangwala yatsunsa a kai, ya rufe, ya rubuta sunansa a murfi, a zuba su a akwatin ɗumi. Ranar Alhamis a zo a ga abin da hannun kowa ya shuka.

Sagiru ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Ku shaida, jama'a. Tsakanina da Ɗanliti, wanda farantinsa ya fi datti, shi zai wanke banɗakin layinmu har ƙarshen zangon karatu. Nawa kuwa ko ɗigo ba za ku gani ba. Yadda aka kawo shi, haka za a mayar."

Banɗakin nan, ƙuda ma sai ya toshe hanci yake shiga. Ɗanliti ya dubi baƙin man da ke faratansa, ya ce ya yarda, tunda ko ya ƙi ba za a bar shi ya huta ba.

Ranar Laraba da rana Sagiru ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya leƙa ɗakin gwaji, wai ya manta biro. Ba kowa. Ya buɗe akwatin ɗumi, ya laluɓo farantinsa. Ɗigo uku, farare, kamar riɗi. Uku, a hannun mutumin da ya yi rantsuwa gaban aji. Sai idonsa ya kai kan wani faranti a lungu, ba suna a kansa, sai ɗan jan tef a murfi. Cikinsa fes, kamar yanzu aka zuba. Ya ji takun mutum a baranda. Caraf, ya sauya murafen biyu, ya rufe akwati, ya fice yana fito.

Tun makon farko Malama ta gaya musu cewa ƙwayar cuta sai ta kwana take nuna kanta. A lokacin Dakta yana goge kujerarsa da tsumma.

Alhamis ta zo. Malama tana ɗaga farantai ɗaya bayan ɗaya. Na Ɗanliti ya fito da ɗigo kamar goma. Sagiru ya ja tsaki.

"Wannan ai gandu ne. Malama, idan kin zo kan nawa, don Allah ki ɗaga shi sama sosai, na baya su ƙaru."

Ta ɗaga shi sama sosai.

Ba a ganin gindin farantin. Fari a kan rawaya, rawaya a kan ruwan toka, sun cakuɗe sun hau juna, dam, kamar kasuwa ranar jajibere. Wata yarinya a layin gaba ta ja kujerarta baya, ƙiiii.

Malama ta ajiye shi. Ta ɗauko mai jan tef.

"Wannan kuma jiya da safe na sa aka shafo shi daga daɓen banɗakin hostal ɗin maza, don mu kwatanta." Ta kanga shi da haske. "Ɗigo uku. Abin sha'awa. Sagiru, banɗaki ya fi hannunka tsafta."

"Wallahi, Malama, na banɗakin shi ne nawa!"

Dariya ta ɓarke, har wani ya faɗo daga kan benci, tim. Malama ta jira aka lafa.

"Naka ne? To madalla, da uku ka ci Ɗanliti. Sai dai faranti ba ya sauya murfi da kansa. Ka zaɓa. Ko hannunka ne ya fi banɗaki datti, ko hannunka ne ya taɓa kayan gwaji a ɓoye. Na farko sabulu ne maganinsa. Na biyu kwamitin ladabtarwa ne."

Sagiru ya dubi mai ɗigo uku, yadda mutum ke duban motar da ta tashi ta bar shi a tasha.

"Mai yawan ne nawa," ya ce, can ƙasa.

"Na baya ba su ji ba."

"Mai yawan ne nawa."

Da aka tashi, ya tsaya a bakin ƙofa, ya miƙa wa Ɗanliti hannu, karo na farko tun da suka haɗu. Ɗanliti ya dubi hannun, ya dafe ƙirji.

"Daga nan ma ta isa, Dakta. Bokiti da tsintsiya suna bayan ƙofa. Ka dai wanke hannu kafin ka shiga, kar ka ɓata mana banɗaki."