Mushe Goni da Munafukin Faransa

Duk Diffa, daga bakin Komadugu har Gagamari, babu malamin Faransanci kamar Mushe Goni, wato Malam Goni da bakin Faransa, kuma shi da kansa ya sha faɗa. Ga ilimi, ga tsoron Allah. Carbinsa ya fi igiyar guga tsawo. Tabarmar sallarsa ba ta shimfiɗuwa sai daidai tagar shugaban lakkol, wato makarantarsu. Kowace Litinin da Alhamis sai ya sanar da aji halin da yake ciki, shi ya sa ɗalibai ke kiransa Mushe Ina-Azumi.

Bana aka ba shi wani tsohon wasan kwaikwayo na Faransa ya koyar, labarin munafukin da ya shiga gidan mutane da rigar addini. Ya yi murna, don kujerar mataimakin shugaba ba kowa a kanta, kuma sufeton da zai zo ya kalli wasan ran Alhamis shi zai zaɓa tsakaninsa da Mushe Kalli, malamin lissafi. Goni na son kujerar nan kamar ransa.

"Wannan cuta ta Turawa ce," in ji shi ga ajinsa. "Mu nan Allah ya tsare mu. Amma mai wasa ya buɗe ido, ya dubi mutane, ya kwaikwaya."

Samarin ajin duk suka noƙe, sai wata ɗaliba, Kubra, ta ɗauki rawar munafukin. Yarinyar kuwa akwai bin umarni.

Ran Alhamis ta fito gaban sufeto da aron rawani. Ta yi gyaran murya sau uku, ta lumshe ido, ta ce da muryar mai jin jiki, "Ku yi haƙuri da ni, yau ina azumi." Goni kaɗai ke dariya har da buga tebur. Can ta ɗaga carbi sama, tana ja tana satar kallon sufeto. Goni ya duba hannunsa, sai ya ga nasa carbin a sama, daidai inda nata yake. Sufeto ya dube ta, ya dube shi, ya sunkuya ya yi rubutu.

Kalli aka ba kujerar. Abin ya ƙona Goni ƙwarai, amma bai fasa adalci ba. Ya ba Kubra maki huɗu bisa ashirin, ya rubuta da jan biro: "Kin zuzuta. Babu mutum irin wannan a duniya."