Telan Sama

Duk wanda ya shiga rana yau ya dawo da fatarsa lafiya, ya gode wa Allah, sannan ya tsaya ya gode wa shugaban sashen kiyaye gobara. Ba don shi ba, da tuni mun soye.

Bitar kwana uku aka tura shi. Ya dawo da jaka mai zif, da takardar shaida, da labarin cewa sama ta huje. Akwai wani bargo can sama, in ji shi, sunansa ozon, shi ke tare hasken rana mai ƙona fata. Iskar halon da ke cikin tsofaffin tukwanen kashe gobara kuwa tana cin bargon nan. To, wannan an faɗa a bitar. Abin da ba a faɗa ba shi ne cewa shi aka ɗora wa ɗinkin. Wannan da kansa ya gano, a mota, a hanyar dawowa. Kafin sati ya zagayo 'yan ofis sun raɗa masa Telan Sama. Ya ji, ya yi murmushi, ya sa aka buga masa a kati.

Kullum ƙarfe tara yakan hau rufin bene da baƙin tabarau, hannu a ƙugu, ya ƙura wa sama ido. Sai ya sauko yana girgiza kai. "Ta ɗan ƙara buɗewa ta gabas." Sakatariya ta fesa turare, ya ƙwace kwalbar. A gida ya haramta maganin sauro, matarsa ta kai masa shimfiɗa falo, ta ce shi da sauron su sasanta.

Sai ga takarda: ranar Laraba masu tace halon za su zo su kwashe na ma'aikatar, su tsabtace shi, a yi amfani da shi a jiragen sama maimakon ya tsere ya yi ɓarna. Aikin awa ɗaya ne. Amma an ce manaja na neman mataimaki, kuma tarihi ba ya yiwuwa a awa ɗaya. Telan Sama ya sa aka kafa rumfa a farfajiya, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika. Ya zagaya ginin da kansa, duk tukunyar da ta yi masa kama da mai laifi ya ce a ɗauko. Biyar ya kama. Aka shafe su da koren fenti har kan rubutun jikinsu, aka ɗaura wa kowacce jan ƙyalle a wuya.

Ran Laraba ya hau mumbari cikin kwat mai maɓalli shida.

"Mai girma Manaja! 'Yan'uwa ma'aikata! Ku dubi waɗannan biyar. Su suka yaga sama. Shekara da shekaru suna zaune a cikinmu, muna wuce su kamar mutanen kirki. Ni na gane su! Wata rana jikokinku za su tambaya, wa ya rufe ramin nan? Kada ku faɗi sunana. Ni ba mai son a ambace ni ba ne. Amma in sun matsa, yana jikin kati."

Ana cikin haka injiniyar masu tacewa ta iso da rigar aiki. Ta saurara minti biyu, ta raɗa wa tsohon mai gyaran lantarki wata magana, suka shige ciki. Telan Sama yana kan yadda tun yana goye yake kallon sama, sai ga su sun fito da jajayen tukwane biyu a amalanke.

"Yallaɓai, mun gama. A sa mana hannu."

"Kun gama me? Ga su nan!"

"Halon ɗinku a ɗakin kwamfutoci yake, jikin bango."

Bai taɓa shiga ɗakin ba. Sanyin wurin yana sa shi mura.

Injiniya ta ciro makulli ta kankare fentin korayen tukwanen ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ta hoda ce. Wannan ma. Wannan ta ruwa. Wannan ta mai walda ce. Yanzu in wuta ta tashi a hawa na biyu, da me za ku kashe?"

Manaja ya juyo a hankali ya dube shi.

"Ta biyar fa?" in ji Telan Sama, murya ta sirance. "Duba da kyau, 'yata. Ita ce shugabarsu."

Kafin injiniya ta sa makulli, mai dafa abincin ma'aikata ta ratso kujeru da ludayi a hannu, tana haki. Ta tsaya gaban koriyar tukunyar, ta sunkuya ta shinshina bakinta.

"Gas ɗina! Tun safe nake zagin masu gadi!"

Ta rungume ta har da ƙyallen, ta juyo.

"Yallaɓai, tunda lasifika na hannunka, gaya wa mutum tamanin ɗin nan yau babu abincin rana."